Injin Gahawar Auta Da Tukunyar Tokar Inna

Da yawa daga cikinku sun sha tambayata, wasu a waya, wasu ido da ido, wai ina kashi na uku na littafin da na yi alkawari tun shekarun baya? Na daɗe ina fakewa da tsadar takarda da halin da kasuwar littafi ta shiga, kuma duk gaskiya ne. To amma yau na ga ya dace in faɗa muku sauran gaskiyar. Kuɗin ɗab'in littafin nan suna cikin wani ɗan shago a Tudun Wadar Gusau, sun zama injin dafa gahawa da injin niƙa da janareta. Yadda aka yi suka shiga can, da abin da na koya a wajen bin su, shi ne labarin da zan ba ku.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, mai shayi ne a Tsafe, a bakin titin da ya taso daga Funtuwa ya nufi Gusau. Na tashi ina wanke masa kofuna kafin in tafi makaranta. Teburinsa ba shi da wani abin a zo a gani, daga tukunyar ruwa mai citta da kanumfari sai gwangwanayen madara da Bournvita, da ɗan Nescafé saboda direbobin tirela masu gudun barci. Abin da na sani da sunan gahawa ke nan, wani baƙin gari da ake ɗiba da bakin cokali a dama. Baba yakan sheƙa shayi daga wannan kofi zuwa wancan, hannu a sama, ko ɗigo ba ya zuba, kuma ban taɓa jin wani ya dawo masa da kofi ba.

Ina aji uku a sakandare aka haifi Autanmu, kuma bai gama firamare ba Baba ya rasu. Don haka ni ne wansa, ni ne ubansa. Da ya girma ya samu bizar aiki ya tafi Jidda, ya yi shekara biyar a wani shagon gahawa. A shekarar 2022 ya dawo gida, babu zinare babu dabino, sai wani ƙaton kwali da ya hana kowa taɓawa. Ashe mai shagon ne ya sabunta kayansa, ya bar masa tsohon injin a madadin wasu haƙƙoƙinsa.

A daidai lokacin ne muka sayar da gonarmu ta gado da ke wani ƙauye a ƙasar Bungudu. Damina uku ba mu sa mata fartanya ba, domin duk wanda ya san Zamfara a waɗannan shekarun ya san dalili. Mun sayar da ita a wulaƙance, aka raba, na ƙulle kasona da niyyar in hau mota in kai rubutuna maɗaba'a a Kano. Rannan da daddare sai ga Auta ya zo ya durƙusa a gabana.

Ya ce, "Yaya, nawa kason ba zai isa hayar shago da injin niƙa da janareta ba. Ka ranta mini naka, wata shida in Allah ya yarda zan dawo maka da shi."

Na ce, "Kai yanzu a garin nan wa zai bar shayi da biredi ya sayi wannan ɗan mitsitsin kofin naka?"

Ya ce akwai ma'aikatan banki, akwai malamai da ɗaliban Jami'ar Tarayya, akwai alhazan da suka saba da ita a Makka da Madina. Uwargida ta harare ni ta gefen ido, na yi kamar ban gani ba, na ɗauko kuɗin na ba shi. Ɗan'uwa rabin jiki ne.

A farkon 2023 aka buɗe shago. Ni aka fara miƙa wa kofi, wani ɗan finjali da bai fi kurɓa biyu ba, wai sunansa esfireso. Na yi bisimilla na kurɓa. Mai karatu, ban san yadda zan kwatanta maka ba. Da farko tsami ya dake ni kamar na tauna ɗanyar tsamiya, kafin in haɗiye kuma ɗaci ya biyo baya kamar an jiƙa saiwar maɗaci. Na dubi Auta, shi ma ya kurɓi nasa, na ga fuskarsa ta canza. Ya ce a hankali, "Ba haka take a can ba." Sai daga baya ya bayyana mini cewa a Jidda aikinsa wankin kofi ne da dafa madara. Wani mutumin Filifin ne yake saita injin kowace safiya, shi dai ya iya danna maɓalli.

Bari in ɗan tsaya in bayyana yadda abin yake aiki, domin ni ma sai da kuɗina suka maƙale sannan na tsaya na koya. Ana niƙa 'ya'yan gahawa da aka soya su yi laushi, a auna kamar giram 18, a zuba a wani ɗan ludayin ƙarfe mai rariya a gindi, faɗinsa milimita 58, wato kusan bakin ƙaramin gwangwanin tumatir. A danne garin da madanni ya zama curi, a ɗaura ludayin a bakin injin. Daga nan famfon lantarki ya turo ruwa mai zafin digiri 90 zuwa 95, wanda bai kai ga tafasa ba, ya ratsa curin da ƙarfi ya ɗigo cikin kofi. A ƙa'idar da aka saba da ita, cikin sakan 25 zuwa 30 a samu kamar giram 36 na gahawa mai kauri da kumfa ja a kanta.

Ƙarfin da ake tura ruwan da shi ana auna shi da wani ma'auni da ake kira bar, kuma abin da aka saba shi ne bar 9. Domin ka gane yawansa, iskar da mai faci yake ba tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce bar 2 da 'yan kai ba. Ko kuma ka ɗauka an ɗora tankin ruwa a kan hasumiya mai tsawon mita 90 aka jawo bututu zuwa ƙasa. In aka lissafa nauyin da ke sauka a kan wannan ɗan curin gari, ya kusa buhu biyar na siminti. Duk wannan a kan abin da bai cika tafin hannun yaro ba.

Mun fara da ɗora wa wuta laifi, kuma ba a rasa nata laifin ba. Wani dattijo mai gyaran kayan lantarki a Sabon Gari ya buɗe injin ya nuna mana rubutun jikin famfon. Ya ce irin wannan ƙaramin famfon da bugawar wuta yake tafiya, wutar Saudiyya tana bugawa sau 60 a sakan, tamu ta Nijeriya sau 50, ta janareta kuwa yadda ta ga dama. Aka aika Kano aka samo famfon da ya dace da wutarmu, aka sayi sitabilaiza. Ya kuma ciro wani ɗan ƙarfe mai huda kamar ta allura wanda ruwa ke bi, ya nuna mana yadda farin dutsen ruwan rijiyar burtsatse ya fara toshe shi. Muka koma amfani da tataccen ruwa. Kukan injin ya daidaita, allurar geji ta daina rawa, amma ɗanɗano yana nan yadda yake.

Ana cikin haka aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, kuɗin mai ya ninka kusan sau uku cikin 'yan kwanaki. Janareta ya zama kura. Masu sayen da suka zo saboda ɗoki suka kurɓa sau ɗaya, suka yi murmushin kara, ba su sake dawowa ba. Mai shayin da ke tsallaken titi kuwa har tambayar Auta yake, "Bature, yau an samu ciniki?"

Abin da Auta ya dinga yi shi ne ƙara ƙarfi. Ya ji tsami, sai ya ce ruwan bai tatso garin sosai ba, ya ƙara wa niƙa laushi har ta koma kamar garin alkama. Ruwa ya ƙi fita, sai ya shiga allon injin ya ɗaga matsi daga 9 zuwa 10, har 11. Ya hau madanni da duk ƙarfinsa har jijiyar wuyansa tana tashi. Sai ka ga injin ya yi ta gurnani sakan goma sha biyar babu ko ɗigo, can kuma sai ruwa ya tsarto ta gefe guda, fari-fari, yana fantsama a jikin kofi. In ya cire ludayin ya kife, curin yakan faɗo da ɗan rami a gefe kamar tururuwa ta haƙa.

Ni ma a nawa ɓangaren abin da nake yi ke nan, ko da yake a lokacin ban lura ba. Wata shida suka cika, na fara zuwa shagon kullum bayan la'asar, in zauna a kan benci in buɗe littafin cinikinsa ina lissafi da ƙarfi a gaban yaron shagonsa. Na faɗa masa maganganun da har yau in na tuna nake jin kunya. Na ce gonar ubanmu ya mayar ruwan ɗaci. Na ce shekara biyar a ƙasa mai tsarki wankin kofi kawai ya koyo. Bai taɓa mayar mini da magana ba. Sai dai ya fara yi mini ƙarya, yau ya ce an yi cinikin kaza alhali ba a yi ba, gobe in zo in tarar da shago a kulle. Daga baya na samu labarin ya je wajen wani dillali yana neman wanda zai sayi injin a ɓoye, ya biya ni, ya bi 'yan ci-rani ta Agadas. Da na ji haka, a madadin in yi sanyi, sai na ƙara hawa.

Inna a lokacin ta baro Tsafe ta dawo gidana da zama. Ba ta taɓa sa baki ba, sai ran nan da safe ta yafa mayafi ta ce in kai ta ta ga "wanga ƙarfe da ya raba mani ɗiya." Na ɗauke ta a Keke Napep muka tafi. Auta ya rasa inda zai sa kansa, ya shimfiɗa mata darduma, ta ce a'a, kujera take so kusa da injin. Ta ce ya yi yadda ya saba ta gani. Ya niƙa, ya danna, ya ɗaura, injin ya yi gurnaninsa, ruwa ya tsarto ta gefe. Ta ce ya kife mata abin a faranti. Ta ɗauki curin ta juya shi a hannu, ta sa farce ta fasa shi biyu. Gefe guda ya jiƙe sharkaf har ya koɗe, ɗaya gefen kuwa da sauran gari mai duhu wanda da ƙyar ruwa ya taɓa shi.

Ta yi dariya ta ce, "Ashe toka ce kake tacewa ba ka iya ba."

Wanda ya tashi a birni wataƙila bai san tatar toka ba. A gidajenmu na da, kafin kanwa ta wadata a kowane kanti, mata sukan ƙona karan gero ko na dawa su tara tokar. Sai a samu tsohuwar tukunya a huhhuda gindinta, a shimfiɗa ciyawa ko tsumma, a zuba tokar, a ɗora a kan wata tukunyar, a riƙa zuba ruwa yana ɗiga. Ruwan da ya ɗigo shi ake sa wa miyar kuka ko ta kuɓewa, da shi kuma ake dafa sabulun salo. Na ga Inna tana yi ya fi sau ɗari, ban taɓa tsayawa na lura ba.

Ta ce da Auta, "Busassar toka ba a kwara mata ruwa. In ka kwara, ruwan ya huda wuri guda ya bi, ya fito fari ba ƙarfi, sauran tokar tana nan a bushe. Sai ka fara barbaza ta da tsinke kada a bar dunƙule, ka daidaita ta, ka yayyafa ruwa kaɗan, ka tafi ka yi wani aiki. In ta sha ta kumbura ta kama jikin tukunya, sannan ka zuba sauran a hankali. Ruwa ba ya son wahala, ɗana, inda ya ga sauƙi nan yake bi."

Auta ya yi shiru yana kallon curin. Can ya ce, "Inna, akwai wani wuri a allon nan da mutumin can yake shiga kullum, ruwan ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan kafin ya yi ƙarfi. Ni na ɗauka ɓata lokaci ne, na kashe shi."

Ta ce, "To kunna." Sannan ta waiwayo gare ni, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Kai ma babba, ka rage hannu." Iyakar abin da ta faɗa mini ke nan, kuma ya ishe ni.

Daren nan ban yi barci da wuri ba. Na ɗauki waya na shiga neman bayani da ɗan Turancin da na tsira da shi daga sakandare, kuma na yi makonni ina yi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, maganar Inna ita ce dai masana suka daɗe suna yi da lissafi. A shekarar 1856 wani injiniya Bafaranshe mai suna Henry Darcy, wanda ya yi aikin ruwan sha na birnin Dijon, ya cika bututu da yashi ya riƙa tura ruwa yana aunawa. Ya gano cewa gudun ruwa ya dogara ne da ƙarfin da aka tura shi da kuma yadda yashin ya tare hanya. To haka abin yake a ludayin gahawa. Abubuwa uku ne a ɗaure da juna: matsi, da gudun ruwa, da taurin curin gari. Inji yana iya riƙe ɗaya daga cikin biyun farko, amma ba zai iya riƙe duka biyun a lokaci guda ba, domin garin ne yake yanke hukuncin ɗayan. Allurar geji da muke ta kallo ashe ba ƙarfin famfo kaɗai take nunawa ba, gardamar da gari yake yi wa ruwa take nunawa. In ka ɗaura ludayi babu gari, ruwa zai zuba ne kawai, ludayin ba zai tara wani matsi ba.

A nan ne na gane ramin tururuwar nan. Idan aka umarci inji ya riƙe bar 9 ko ta halin ƙaƙa, sai curin ya tsage a wani wuri, matsi zai fara sauka. Injin kuwa ba shi da hankali, umarni yake bi, sai ya ƙaro ruwa domin ya mayar da allura kan 9. Ƙarin ruwan ya bi ta tsagar ya ƙara buɗe ta. Garin da ke bakin tsagar ya tatsu fiye da kima ya ba da ɗaci, wanda ke nesa bai tatsu ba ya ba da tsami, su haɗu a kofi ɗaya. Amma idan aka umarce shi ya riƙe gudun ruwa, misali mililita 2 a kowane sakan, to ko tsaga ta buɗe ba zai ƙaro ruwa ba. Matsin ne zai sauka, kuma sau da yawa jiƙaƙƙen garin yakan motsa ya rage ramin da kansa. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, ashe gahawa ma haka.

Na kuma karanta tarihin abin. Ita gahawa asalinta Habasha, sufayen Yaman suka riƙa shan ta domin raya dare, amma Italiyawa ne suka bunƙasa dafa ta da matsi. A 1884 wani Angelo Moriondo na birnin Turin ya yi rajistar injin da ke aiki da tururi, a 1901 Luigi Bezzera na Milan ya inganta shi ya zama ana dafa kofi ɗai-ɗai. Sai dai matsin tururi bai kai bar 2 ba, kuma zafinsa yakan ƙona gari. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Achille Gaggia ya fito da inji mai hannu da sifirin a ciki. Mai shago ya ja hannun ƙasa, ruwa ya shiga ya jiƙa gari a hankali, ya saki, sifirin ya tura ruwan da ƙarfi, ƙarfin kuma ya riƙa raguwa yayin da sifirin ke miƙewa. A nan aka fara ganin kumfar nan ja. A 1961 kamfanin Faema ya fito da samfurin E61 mai famfon lantarki wanda ke riƙe bar 9, shi ya zama abin koyi a duniya. Injinan zamani masu ƙwaƙwalwar kwamfuta, irin na kamfanin Decent da ke zana layin matsi da na gudun ruwa a kan allo yayin da gahawa ke zuba, da yawan masu amfani da su ƙoƙari suke su kwaikwayi abin da sifirin Gaggia yake yi: a jiƙa, a matsa, a sassauta. Dalili kuwa shi ne, yayin da ruwa ke narkar da abin da ke cikin gari, curin yana ƙara raguwa da rauni, don haka ƙarfin da ya dace da shi a sakan na goma ya yi masa yawa a sakan na ashirin da biyar.

Har ila yau a 2020 wasu masana, cikinsu da Christopher Hendon na Jami'ar Oregon a Amurka, sun wallafa bincike a mujallar Matter. Sun gano cewa in niƙa ta wuce wani mataki na laushi, abin da ake tatsowa raguwa yake yi, saboda ruwa ba ya ratsa ko'ina daidai. Shawararsu ita ce a rage yawan gari, a ɗan bar shi da tsaki, a kuma rage matsi. Da na karanta wa Auta wannan sai ya riƙe baki, domin wata bakwai ya yi yana yin kishiyar haka.

Muka zauna ni da shi, bayan sallar isha, da ɗan sikeli da littafin makaranta mai layi. Wannan karon ba cinikinsa nake rubutawa ba, sakan da giram nake rubutawa. Ya soke allurai huɗu a jikin toshiyar kwalba ya riƙa barbaza gari da su kafin ya danna, kamar yadda Inna take yi da tsinke. Ya daina hawa madanni, ya koma lura da kada ya karkace. Ya buɗe niƙa kaɗan. Muka yi ta gwaji, muna zubarwa, har muka tsaya a kan wani tsari: ruwa ya shigo a hankali har gari ya sha, a dakata kamar sakan 10 har ɗigon farko ya leƙo, a bar matsi ya hau amma a yi masa iyaka a bar 7, daga nan injin ya riƙe gudun ruwa, matsin ya riƙa sauka da kansa har zuwa wajen 4. Cikin sakan 35 zuwa 40 kofi ya cika ma'auninsa.

Daren da muka dace, gahawar ta fito ta tsakiyar rariya a dunƙule kamar zaren zuma. Na kurɓa. Akwai ɗaci, amma irin na goro mai kyau, wanda zaƙi ke biyo bayansa. Auta ya kife ludayin, curin ya faɗo sumul kamar ƙuli-ƙuli, ya fasa shi, launinsa ɗaya daga baki har baki. Bai ce komai ba, ya naɗe shi a takarda ya kai wa Inna.

Kada mai karatu ya ɗauka daga nan arziki ya ɓarke, wannan sai a littattafanmu. Tsarin ma ba ya zama wuri ɗaya, wanda ya yi daidai da hunturu ba ya yi da damina, kuma kowane sabon buhun gahawa da nasa hali, dole kowace safiya a zubar da kofi ɗaya ko biyu kafin a daidaita. Har yau abin da ya fi shiga a shagon shi ne gahawa da madara da sukari, sai kuma shayi mai citta da kanumfari irin na Baba, wanda Inna ta matsa masa ya ƙara. Masu shan esfireso zalla ba su cika yatsun hannu biyu ba, amma suna dawowa, har mai shayin tsallaken titi yakan leƙo in barci ya dame shi.

Ni kuwa na daina zuwa bayan la'asar da littafin lissafi. Na ce masa ya riƙa kawo abin da ya sawwaƙa a ƙarshen wata, ko nawa ne, amma kada ya sake yi mini ƙarya. Wani watan ya kawo da auki, wani watan ya zo hannu rabbana ya faɗa mini dalili, mu sha shayi ya tafi. Maganar Agadas ba ta sake tasowa ba. Zuwa yanzu ya biya fiye da rabi, sai dai kafin nan kuɗin takarda ya yi gaba ya bar ni, abin da zai buga littafi a wancan lokacin yanzu ko rabin aikin ba zai yi ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ni ma ga shi ina ɗauke da naku.

Don haka masu tambayar kashi na uku ku ƙara haƙuri. Rubutun yana nan a cikin akwati, na ma sake zama na warware ƙarshensa, domin na lura na tura jarumar ta yanke hukunci da gaggawa tun labarin bai jiƙa ba. Duk wanda hanya ta biyo da shi Gusau, ya tambayi shagon gahawa a Tudun Wada, ya ce a ba shi ba madara, ya kurɓa a hankali. Ku sa mu a addu'a, ku sa Zamfara a addu'a, Allah ya dawo mana da zaman lafiya mu koma gonakinmu, ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya ƙara wa Inna lafiya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah ya kai mu. Wassalam.